Miyar Genovese ta Napoli: abin da aka ce a taƙaice

Ga abin da na tattaro daga bayanan da mutane suka bayar kan yadda ake dafa wannan miyar albasa da nama ta birnin Napoli a Italiya, wadda ake ci da taliya:

1. Baki ya zo ɗaya cewa albasa ce ginshiƙi, kusan kilo 2 ga kilo 1 na naman shanu, a yanka ta sirara.
2. Nama mai jijiya ya fi tsoka zalla, shi ne ke narkewa.
3. Wuta ƙasa-ƙasa, tukunya a rufe, awa 3 zuwa 4. Ruwan albasar ya isa. A riƙa juyawa kada ta kama, har ta yi launin zuma. Nan ne gaggawa ke ɓata miyar.
4. An rabu kan tumatir: wasu sun ce sam, wasu cokali ɗaya na gwangwani. Ina tare da na farko.
5. Maimakon giyar da aka saba sakawa a miyar, a saka romon nama.
6. Taliya: ziti (mai rami a tsakiya kamar bututu), ko makaroni mai kauri.