Neman kalma: me za mu kira ci gaban kwafin ƙwayar gado?

Malama daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ranar 1 ga Disamba zan gabatar da shiri a rediyo a kan yadda ƙwayar cutar kanjamau take ɓuya a jikin mutum, kuma jibi ake son rubutun. Abin da ya tsaya mini shi ne "transcription elongation". Sinadarin RNA polymerase II yana fara kwafe saƙon da ke cikin DNA, wato ƙwayar gado, amma da ya rubuta haruffa kamar 20 zuwa 60 sai wasu furotin biyu, NELF da DSIF, su riƙe shi, ba ya gusawa sai wani furotin mai suna P-TEFb ya zo ya sake shi. Wannan ci gaban nake nema wa suna.

Likita daga Barnawa: Wa alaikumus salam, Malama. "Tsawaita kwafi" shi ne mafi kusa da lafazin, amma ni na fi son "zarcewar kwafi", domin zancen duka a kan wanda aka tsayar ne sannan aka bar shi ya wuce. A nan ne cutar take wayonta: furotin ɗinta mai suna Tat yana kama wani lanƙwasasshen wuri da ake kira TAR a farkon kwafin saƙonta na gado, ya fizgo P-TEFb daga ma'ajiyarsa ta 7SK, sai kwafin ya zarce har ƙarshe. Idan Tat ya yi ƙaranci, galibi guntayen kwafi ake samu, ƙwayar ta kwanta shiru inda magani ba ya kawar da ita.

Dattijo daga Kakuri: 'Yata, "kwafi" ba Hausa ba ce. Na yi shekaru a masaƙa, kafin nan kuma na ga mahaifiyata tana murza mazari, abawa tana fitowa daga auduga tana ƙara tsawo a tsakanin yatsunta. Abin da kuka bayyana ke nan. Ku kira shi "kaɗi".

Likita: Baba, hoton ya yi kyau, sai dai mai kaɗi ba ta duba wani rubutu, shi kuwa wannan sinadari harafi da harafi yake bi.

Dattijo: To, ku ce "juyi", yadda malamai suke juya littafi. Me ya sa kullum sai mun miƙa wa Turanci ƙoƙon bara?

Ɗalibi daga Zariya: Ranka ya daɗe, "littafi" da "harafi" daga Larabci muka aro su, ba su rage wa Hausa daraja ba. Mai sauraro kuwa idan ya ji "juyi" zai ɗauka juyawa ake nufi. Ni abin da ya fi damuna shi ne kalmar "kanjamau", wadda take muzanta masu ɗauke da cutar. A ce "cuta mai karya garkuwar jiki".

Dattijo: Ɗana, wanda ya sha Hausa a nono ba zai rikice da "juyi" ba.

Malama: Na gode muku ƙwarai. Na karɓi gyaran ɗalibinmu a kan sunan cutar. Zan yi amfani da "zarcewar kwafi", dakatawar farko kuma in kira ta "tsaiko", sannan in kawo misalin mazari wajen bayani. Sunan P-TEFb ne har yanzu babu wanda ya taɓa.

Dattijo: Ban gamsu da "kwafi" ba, amma ki ambaci kaɗin, zan saurara.