Gwada sabuwar kyamara da hoton tsuntsaye

Da muka zauna da masu ɗaukar hoto kan gwajin sabuwar kyamara a dausayin Haɗejia-Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, yawancin maganar ta tsaya ne kan rawar hannu, tunda ba a kan ƙafar kyamara za a ɗauka ba.

An yi ittifaƙi cewa da gilashin kyamara (lens) na milimita 400, mai jawo nesa kusa, saurin ɗauka kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa ga zalɓe da ke tsaye cikin ruwa. Shirwa a sama kuwa sai 1/2000. Idan haske ya ragu, a ƙara ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ko da zai kawo tsaki-tsaki. Gara ɗan tsaki-tsaki a hoto da dishi-dishi. A matse gwiwar hannu da haƙarƙari, a riƙe numfashi, a ɗauki hotuna a jere. Na'urar hana girgiza da ke cikin kyamara ko gilashinta tana gyara motsin hannunka ne kawai, ba ruwanta da fiffiken tsuntsu, kuma nan ne da yawa suke ruɗewa.

A saita kyamara kan idon tsuntsu don ya fito tangaran. Wani dattijo ya ce a fara koyo da balbela, ba ta da saurin firgita. A guji ranar hazo, domin ƙura za ta sa a zargi gilashin a banza.