Wane suna za mu raɗa wa aikin itertools.product da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu koyar da rubuta manhaja, ku zo mu tsayar da suna ɗaya. Ana da jeri biyu ko fiye, ana ɗauko abu ɗaya daga kowanne, ana ta yi har sai babu haɗin da ya rage. A yaren manhaja na Python aikin itertools.product ne tun fitowar 2.6 a 2008, a SQL, yaren rumbun bayanai, kuma CROSS JOIN.

2/ Tuwo uku: na shinkafa, na masara, na dawa. Miya huɗu: kuka, kuɓewa, taushe, zogale. Kwano 12 ke nan, babu biyu iri ɗaya. A ƙara man shanu ko manja, su koma 24.

3/ Masana lissafi suna ce masa Cartesian product, sun jingina sunan ga René Descartes, Bafaranshen da ya rasu a 1650. Muna iya cewa "ninkin Dekat", amma ɗalibi zai haddace ne kawai, sunan bai nuna masa abin da zai faru ba.

4/ "Haɗe-haɗe" ya yi faɗi, har aikin zip na Python zai shige ciki, alhali shi zip, na farko yake haɗawa da na farko, na biyu da na biyu, kwano 3 kacal zai ba ka. "Gamin gambiza" kuwa ƙazafi ne ga aiki mai tsari. Jerin ƙarshe ne ke saurin juyawa, yadda lambar sirri ke tafiya daga 0000, 0001, har 9999, guda 10,000 cif.

5/ Wanda ya fi ja na shi ne "ninkin jeri", domin yana tuna wa mutum yadda adadi ke hauhawa: jeri 10, kowanne da abu 10, haɗi biliyan 10 ne, wanda ya ce sai ya zuba su duka a ma'adanar kwamfuta zai ga ta sume. Sai dai a Python, in ka ninka jeri da 3, maimaita shi ake yi sau uku. Can wannan suna ya dace, kada mu rikita yara.

6/ Ni dai na tsaya a kan "haɗin kowa-da-kowa". Na san "kowa" na mutane ne, amma "kowanne-da-kowanne" ya yi wa harshe nauyi. A aji sai a ce: yi haɗin kowa-da-kowa na jerin nan uku.

7/ Malamanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka karanta shi da Faransanci, me kuke ce wa ɗalibanku?