Shawarar 'yan fada kan sayen mota

Daren Asabar a fadarmu ta Yantala, hirar motocin lantarki da kamfanoni ke rububin ƙerawa ce ta ɗauke mu har shayi ya huce. Matasa na ɗoki, amma wani dattijon bakanike ya ce a bi sannu: zafin Yamai na cin batir, ga ɗaukewar wuta. Mafi yawanmu mun karkata ga Corolla ko Hilux, don kayan gyaransu ba sa wuya.

Inda aka fi daɗewa shi ne lafiyar fasinja. Mai sayen tsohuwar mota ya binciki jakar iska mai kare mutum a lokacin haɗari, musamman ƙirar kamfanin Takata da aka janye miliyoyinta saboda tana fashewa da ɓaraguzan ƙarfe. Ni dai taya ta fi damuna. A duba shekarar ƙerawa da ke rubuce a jikinta kafin a kama hanyar Tawa.