Tambaya kan rigar fata ta sojan sama da na gani a Jidda

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum. Ranar Juma'a da yamma na shiga kasuwar Sawarikh da ke kudancin Jidda, na tarar da wata rigar fata ruwan ƙasa a cikin kayan gwanjo, mai kayan kuwa ya rantse cewa A-2 ce, irin wadda matuƙan jiragen yaƙin Amurka suka sa a Yaƙin Duniya na Biyu. Riyal 900 ya yi mata kuɗi. A wuyanta akwai ɗan baƙin ƙyalle mai rubutu, a jikin zik ɗin kuma an buga YKK. Ta yaya zan gane ko ta asali ce?

Amsa daga Riyad:
Wa alaikumus salam, Malam. Zik ɗin ne ya fara sa ni shakka, domin YKK kamfanin Japan ne, alhali rigunan da aka ɗinka wa sojan saman Amurka daga 1931 zuwa 1943 yawanci sun zo da zik na kamfanin Talon ko Crown ko Conmar. Sai dai ana sauya zik idan ya lalace, saboda haka ka duba ko akwai ramukan tsohon ɗinki a gefensa. A baƙin ƙyallen nan ya kamata ka ga lambar zane 30-1415, da lambar kwangila, sau da yawa har da sunan kamfani, kamar Rough Wear ko Dubow, ko da yake masu jabu sun iya kwaikwayon ƙyalle fiye da komai. Abin da ba su cika kula da shi ba shi ne yanka: bayan rigar asali fata ɗaya ce ba haɗi, aljihunta biyu ne a gaba masu murfi, babu na gefe da ake cusa hannu. An kuma sake raba wa sojan sama A-2 tun 1988, ita ma ta soja ce, amma kuɗinta bai kama ƙafar na tsohuwar ba.

Amsa daga Makka:
Ni gidan dukawa na tashi, don haka fatar zan fara taɓawa. Yawancinsu fatar doki ce, mai nauyi da santsi, wasu kuma ta akuya ce, mai ƙananan ƙuraje a fuska. Tsufan gaskiya a gwiwar hannu da bakin aljihu da wuya yake fitowa. Idan ka ga ko'ina ya koɗe daidai wa daida, to goge ta aka yi. Shafin ciki auduga ne, ba nailan ba. Ka shinshina ta kuma, Malam, domin danshin Jidda yana sa fata fumfuna.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na koma jiya, na ga ɗinki ya ratsa tsakiyar bayanta, ga aljihun gefe biyu, shafin kuma yana sheƙi. Na taya riyal 150 don sanyin Ɗa'if, ya ce albarka.