Littafi ɗaya ga duk sabbin ɗalibai, ya abin yake?

Maman Haidar:
Salam jama'a. Ƙanina ne ya samu jami'a a Amurka, ko biza bai karɓo ba sai ga saƙo wai ga littafin da duk 'yan ajin farko za su karanta kafin su iso, satin farko a raba su rukuni-rukuni da malami a tattauna, kuma wai ba maki. Toh in ba maki na mene ne? Ni tsorona kar a cusa wa yaro abin da bai dace ba.

Ɗan Angwan Rogo:
Hajiya su ma can tsoron da suke yi kenan, sai dai a juye. A 2002, ko shekara ba a cika ba da harin 11 ga Satumba, jami'ar North Carolina ta Chapel Hill ta zaɓi littafin Michael Sells, fassarar gajerun surorin Alƙur'ani da sharhi, har da faifan ƙira'a a ciki, wata ƙungiyar Kiristoci ta garzaya kotu wai ana so a musuluntar da yara da kuɗin gwamnati. Kotu ta ƙi dakatarwa, aka yi zaman, wanda bai son karantawa aka ce ya rubuto dalilinsa a shafi ɗaya. Ki nemi littafin ki leƙa da kanki kawai.

Talatu Naraguta:
Hhhh ai mu ma muna da namu, littafin JAMB. Wa ya karanta tsakani da Allah? Ni dai taƙaitawar na saya a kasuwar Terminus da ke nan Jos, shafi kaɗan an manne da ƙusa biyu, a keke na haddace sunayen mutanen ciki. Wanda akwai maki ma kenan fa.

Malam Sabo:
Talatu kin ban dariya, amma ni abin ya burge ni wallahi, don a garin nan yaron da ya tashi a Rikkos, inda Musulmi suka fi yawa, da wanda ya tashi a Tudun Wada, inda Kiristoci suka fi yawa, sai su gama digiri ba su taɓa zama sun yi musu kan abu ɗaya ba in ba ƙwallo ba. Rigimar dai wa zai zaɓa, kwamitin kaɗai sai ya ci zango guda ana ƙirga Musulmi nawa Kirista nawa.

Maman Haidar:
Na gode. Na ce ya turo min a WhatsApp, shafi 300 da wani abu, shi kansa yana shafi na 12 tun Juma'a.