Tukubar Unguwa: Birni da Zango Sun Kara a Waƙar Tsire

Ɗan Birni:
Magariba ta yi, hayaƙi ya tashi,
Tukubar Birni an hura garwashi,
Tsokar cinya ake so, ban da ƙashi,
A zare jijiya, nan ne sirrin taushi,
Tsoka uku, kitse ɗaya, a tsinken gashi.

'Yar Zango:
Yaya na Birni, ka yi mantuwa,
Tsinke ba ƙuli ba ya gasuwa,
Ƙuli awo huɗu, citta ɗaya a dakawa,
Barkono rabi, masoro, kanumfari kaɗan na haɗawa,
Gishiri can ƙarshe, kar nama ya zub da ruwa.

Na Sabon Gari: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Zango ta gama magana.

Runjin Kasuwar Dole:
Ku biyun duk kun tsallake wuta,
Gawayin ƙirya ne ba ya saurin mutuwa, ku rubuta,
Icen bedi ɗaci yake sa wa nama, ku huta,
Kafa tsinke a toka, taƙi guda nesa da wuta,
Harshenta in ya lashi ƙuli, baƙi zai fita,
Shafa man gyaɗa, juya, sai jan ciki ya ɓata.

Malam na Garin Malam: 'Yar Zango, ɗangonki na fari gaɓa 10, na huɗu gaɓa 18. Karin ya karye. Runji kuma ƙwar biyar aka faro, ya kawo shida.

Runjin Kasuwar Dole: Malam, da na tsaya a biyar, da man gyaɗa ya fita daga baitin, tsiren ya bushe.

Malam na Garin Malam: Sai ka ba shi baitinsa daban.

Ɗan Birni:
Ƙanwata, yajinki ya yi yawa,
Inda ƙuli ya yi tudu akwai abin ɓoyewa,
Naman jiya ne Zango ke rufewa.

'Yar Zango:
Naman jiya ba ya ɓuya ga mai ido,
Gefensa baƙi, ya yi yauƙi kamar kwaɗo,
Danna da yatsa, ramin ba ya komo,
Ka koyi wannan kafin ka yi mana ƙorafin Zango.

Malam na Garin Malam: Do, do, mo, go. Ina amsa-amon?

Na Sabon Gari: Malam, kai ma jefo naka mu gani mana.

Runjin Kasuwar Dole:
Ku bar tsire, ga balangu a kan waga,
Haƙarƙarin rago, wuta kaɗan, kar a yi garaje a daga,
A yanka na jaka ɗaya, albasa a zuga,
A naɗe a takarda ya sha romonsa kafin a buɗa.

Malam na Garin Malam: "Buɗa" ba ta bi "waga" ba, Runji. Amma naɗewar daidai ce, tururin ne ke tausasa shi.